Kamfanin Jirgi Ya Ce Sai Baba Ya Ajiye Takardar Gidanmu Kafin Su Ɗauke Ni

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, haifaffen nan Sakkwato. Shekara biyu ke nan da na gama koyon tuƙin jirgin sama na karɓi lasisin CPL na tuƙin jirgin kasuwanci, da awa 230 na tashi a littafina. Fadamarsa ta albasa Baba ya sayar ya cike kuɗin karatun. Tun da na dawo ina zaune, filin jirgi ma sai in rakiya ta kai ni. Yanzu Allah ya kawo aiki biyu lokaci guda. Kamfani na farko sabo ne, a Legas, Boeing 737 suke tuƙawa, albashinsu ya kusa ninka na biyun. Za su kai ni waje horon irin jirginsu, amma sai na sa hannu zan yi musu shekara biyar. In na bar su ko saura wata ɗaya ne, zan biya dala 30,000 cif, kuma mai tsaya mini sai ya ajiye takardar gida. Gida ɗaya gare mu, wanda muke ciki. Na kuma ji raɗe-raɗin albashi yana makara a can. Na biyun ya daɗe yana aiki, a Abuja yake, ƙananan jirage ne masu farfela, albashi kaɗan, ɗaurin aiki na shekara uku, ba maganar gida. Baba ya ce: "Ba don ka tuƙa ɗan ƙaramin jirgi nis saida fadamata ba," ya ma ciro takardar gidan. Inna ba ta son ko ɗaya, tun hatsarin da ya ci Sarkin Musulmi Maccido ba ta ƙaunar jin ƙarar jirgi. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Kwana goma suka ba ni. Wanne zan ɗauka?

Ɗanka, daga Sakkwato.

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da wannan buɗi, Allah ya sa alheri ne ya ƙwanƙwasa ƙofa har sau biyu. Na san zaman da ka yi. Shekara biyu da lasisi a aljihu, a garin da kowa ya san abin da aka sayar aka kai ka makaranta, a majalisa a riƙa ce maka "Kyaftin" ka kasa gane girmamawa ce ko zolaya. Wanda ya sha wannan zaman, ko wace takarda aka miƙo masa hannunsa rawa zai yi ya sa hannu. Shi ya sa zan fara da abin da ba na shakka a kansa: takardar gidan nan ta koma akwatin Baba. Duk sauran maganar tana da wurin tattaunawa, wannan ba ta da shi.

Ga dalilina. Kamfanin jirgi a ƙasar nan ba ya cika tsawon rai. Tambayi Baba, zai lissafa maka da kansa: ina Kabo, ina Chanchangi, ina Okada, ina Bellview da Sosoliso? Nigeria Airways da ke na gwamnati sukutum ya daina tashi a 2003, har 2018 ana kan maganar biyan tsofaffin ma'aikatansa haƙƙoƙinsu. Arik shi ne mafi girma a ƙasar a zamaninsa, amma a watan Fabrairun 2017 hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓe ragamarsa saboda bashi. Ba wai masu su duka ɓarayi ba ne ko sakarkaru. Sana'ar ce haka: tikiti da naira ake sayarwa, amma hayar jirgi, kayan gyara, inshora, babban gyaran da ake kai jirgi waje, da horon matuƙa, kusan duka da dala ake biya. Mai kuma ya cinye kaso mai tsoka na abin da aka samu. Kai za ka yi wa kamfani alkawarin shekara biyar, to shi wa ya yi maka alkawarin zai kai shekara biyar ɗin?

Sai dalar ita kanta. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haye 1,500. Ɗauki biro ka buga: dala 30,000 a farashin farko naira miliyan 13.8 ce, a na biyu miliyan 45. Mutum bai ci ko sisi a kai ba, yana barci bashinsa ya ninka fiye da sau uku. Albashinka da naira za a biya ka, bashinka da dala za a rubuta. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani, balle an jingina shi da rufin da Inna da ƙannenka suke kwana a ƙarƙashinsa.

Kada ka fahimce ni baibai. Ɗaurin aiki a kansa ba zalunci ba ne. Horon nau'in jirgi kuɗi ne masu yawa, kuma kamfanoni sun sha horar da yara, daga sun ƙware su tsallaka wani wurin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta shi. Na adalci yana raguwa da kowane watan da ka yi aiki, ta yadda wanda ya yi shekara huɗu cikin biyar kashi ɗaya bisa biyar kaɗai ya rage masa. Adadinsa ya yi daidai da abin da aka kashe a kanka, da rasit. Kuma ya faɗi ƙarara abin da zai faru in laifin daga wajensu ne: in sun sallame ka, in sun yi wata uku ba albashi, in hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta dakatar da lasisinsu na jigila, ko in sun horar da kai suka ajiye ka ba jirgi. Wanda aka ba ka, yadda ka bayyana shi, ƙofa ɗaya gare shi kuma a hannunsu makullin yake. Ka kai takardun biyu wurin lauyan da ya san shari'ar ƙwadago, na kamfanin farfelar ma har da shi, don shekara uku ma ba wasa ba ce. Irin waɗannan rigingimu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai su, kuma abin da ka sa wa hannu shi alƙali zai fara karantawa. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai kuɗin akuya biyu ba.

Yanzu bari mu zo ga abin da kai kake nema, wanda ina ganin hasken albashi ya ɗan rufe maka. Matuƙi mai awa 230 dukiyarsa ta gaba awoyi ce. Lasisin ATPL, wanda sai da shi za ka zauna kujerar hagu a matsayin kyaftin na jirgin fasinja, yana buƙatar awa 1,500. Saura maka 1,270. A kamfanin da kake tashi awa 70 a wata, shekara ɗaya da rabi ka cike su. A inda kake samun awa 25, sai ka haura shekara huɗu. Saboda haka tambayar da ta fi "nawa ne albashi" nauyi ita ce: mataimakin matuƙi a wurinku awa nawa ya yi a watan jiya? A nuna maka jadawalin aiki na gaske, kada ka tsaya ga abin da mai ɗaukar ma'aikata ya faɗa da baki.

Akwai wata dabara da za ka yi daga ɗakinka a nan Sakkwato. Buɗe manhajar Flightradar24, ka bi jiragen kowane kamfani na tsawon mako guda. Nawa ne suke tashi kullum, nawa ne sai a hoton talla? Sannan ka duba lambar da ke jikinsu. Jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya da 5N lambarsa take farawa. In ka ga na kamfanin Legas ɗin yawanci lambar wata ƙasa ce, to akwai alamar hayarsu aka yi har da matuƙansu, kuma irin wannan jirgi baƙin da suka zo da shi ne ke tuƙa shi. Kamfani zai iya cewa jirage shida gare shi, alhali biyu ne kacal ɗan ƙasa zai hau kujerarsu, ga matasa ashirin a layi. Zaman benci kuma yana da tsada a wannan sana'a. Doka ta ce sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin a ce hannunka bai yi sanyi ba, ga gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida, ga binciken likita da ake sabuntawa. Ka tambaya wa ke biyan waɗannan, kuma an taɓa barin na wani ya ƙare saboda ba kuɗin kai shi?

Raɗe-raɗin albashi kuwa kada ka yarda da shi, kada kuma ka watsar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nemi mutum uku: mataimakin matuƙi da ke ciki yanzu, injiniyan da ke gyara jiragen, da wanda ya bar kamfanin. Na ukun nan ya fi kowa amfani, don shi ba abin da zai rasa in ya faɗi gaskiya, sai dai ka rage wa maganarsa gishiri in da faɗa aka rabu. Abokan karatunka na makarantar tuƙi ta Zariya ko Ilori za su haɗa ka da su, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ma ta san kamfanin da ke biya da wanda ke ja. Tambaya ɗaya da ke tona asiri: ana zuba kuɗin fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci a cire masa kashi 8, mai aiki ya ɗora kashi 10, a zuba a asusun ma'aikacin. Kamfanin da ya fara shiga matsi, nan yakan fara taɓawa, don ba kowa ke duba asusun ba. Dokar nan dai ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. Ka ƙara da tambayar inshorar rasa lasisi, domin matuƙi da rahoton likita ɗaya sana'arsa za ta iya tsayawa, ko da ƙarfinsa.

Na bar maganar Inna sai yanzu don ita ce ta fi kowa kusa da gaskiyar al'amarin, ko da ba ta san sunan ko da maɓalli ɗaya a cikin jirgi ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ya taso daga Abuja zai zo Sakkwato, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi, da mataimakin gwamnan jiha. Kana yaro a lokacin, amma Inna ta ga garin nan ranar. Kusan kowace unguwa akwai gidan da aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa, ko wanda aka sani a ciki. Kada ka ce mata tsoro ne irin na mata. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da ya kamata kai ka ɗauka daga wannan rana a matsayinka na matuƙi, masu bincike sun rubuta shi: an tashi cikin mummunan yanayi da aka san da shi, iska ta juya farat ɗaya, kuma ba a bi matakan kuɓuta daga irin wannan iska yadda ya dace ba. Kwana ya ƙare, haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma an umarce mu da ɗaure raƙumi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san sana'ar da karin maganar nan ta dace da ita kamar taku ba. Ma'aunin da nake so ka auna kamfanonin nan biyu da shi ke nan: in kyaftin ya ce ba zai tashi ba, me ke faruwa da shi? Ka san hazon Disamba da Janairu a nan, ranar da daga bakin titi ba ka hango ƙarshen layinku. Ka san guguwar farkon damina. In matuƙi ya juya ya koma Abuja da fasinja saboda bai ga titin sauka a filin Sultan Abubakar III ba, ana ce masa sannu da ƙoƙari, ko waya ce za ta biyo shi daga ofishin mai kamfani? In injiniya ya rubuta matsala a littafin jirgi, ana gyarawa ko ana roƙonsa ya bari sai jirgi ya dawo? In mataimaki ɗan shekara 27 ya ce wa kyaftin mai furfura "ranka ya daɗe, mu sake zagayowa," ana saurarensa? Wannan ta ƙarshen ta shafe ka ƙwarai, don tarbiyyarmu ta hana yaro musu da babba, kuma a cikin ɗan ɗakin tuƙi dole ka koyi faɗa da ladabi amma da ƙarfi.

Ka ga inda maganar gida ta sake dawowa. Matuƙin da takardar gidan ubansa ke cikin durowar kamfani, kuma ana bin kamfanin albashin wata biyu, bakinsa ya mutu. Ranar da ya kamata ya ce a'a, fuskar Baba zai gani. Ba na so a saka ka a wannan kujerar.

Rahotannin hukumar binciken hatsari ta NSIB a buɗe suke a intanet, ka karanta duk wanda ya shafi kamfanonin biyu. Abin lura shi ne ko matsala iri ɗaya tana maimaituwa, don ƙaramin tsautsayi ba kamfanin da ya tsira daga gare shi. Ka kuma tambaya ko sun ci binciken IOSA, wato binciken tsaron lafiyar jirage na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA. Rashinsa ba hukunci ba ne a kan ƙaramin kamfani mai zirga-zirgar cikin gida, samunsa dai alama ce mai kyau.

Kamfanin farfelar ma ba zan wanke maka shi tas ba. Albashin kaɗan ne ga mai shirin aure, Abuja kuma ba ta san kaɗan ba. In burinka wata rana ka tafi manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa, da yawansu awoyin jet, wato jirgi irin Boeing, suke fifitawa, saboda haka wataƙila sai ka sake wani tsallen a tsakani. Daɗewa kuma ba ta hana mutuwa, ka yi masa duk tambayoyin da na lissafa ba sassauci. Amma jirgi mai farfela makaranta ce ta gaske. Gajerun zango, sauka huɗu ko biyar a yini, ƙananan filaye, zafi da ƙura, hannu yana faɗawa da wuri. Kuma a ƙaramin kamfani layin zama kyaftin yakan fi gajarta. Kana da shekara 27, dokar duniya ta bar matuƙin jirgin fasinja ya yi aiki har 65. Boeing ba inda za shi. In bincikenka ya nuna suna biya a kan kari kuma jiragensu na tashi, ni can na karkata.

Duk da haka kada ka rufe ƙofar Legas da hannunka. Rubuta musu cikin ladabi cewa kana son aikin, ga abin da kake roƙo: a cire sharaɗin gida a karɓi masu tsayawa biyu ma'aikata, ko a riƙa cire wani abu daga albashinka, bashin ya riƙa raguwa wata-wata, a ƙayyade shi da naira ko a tsayar da farashin dala na ranar sa hannu, kuma ya faɗi in su suka saɓa. Amsar da za su ba ka ita kanta bincike ce. In sun zauna an daidaita, kuma awoyi da albashi sun tabbata, to ka tafi da albarkata, albashi mai kauri ba haram ba ne. In sun ce ko ka sa hannu yau ko a ba wani, ka ga yadda za su yi da kai ranar da ka ƙi tashi. In kuma duka biyun suka faɗi jarrabawa, akwai koyarwa a makarantar tuƙi, tana tara awoyi a hankali. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne a sake sayar da wata kadara ka sayi horon nau'in jirgi da kuɗinku ba tare da takardar ɗaukar aiki a hannu ba. Wannan shaidar in ba a tashi da ita, lalacewa take yi kamar albasar da ta kwana a rana.

Baba kuwa, ka yi masa adalci a zuciyarka. Mutumin da ya rabu da fadama, wadda wataƙila ta gado ce, ba girman kai ke sa shi son babban jirgi ba. So yake ya ga abin da ya shuka ya fito inda mutane za su gani, kuma yana lissafin makarantar ƙannenka. Da ya ciro takardar gida, cewa yake yi ya yarda da kai har wuya. Kada ka tare shi da "ba ka gane ba." Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka fara da godiya, sannan ka ajiye masa lissafin nan na miliyan 13.8 da miliyan 45 a takarda. Manomin albasa ya san faɗuwar farashi fiye da ni da kai, ya san abin da ake nufi da bashin da ke girma shi kaɗai. Ka gaya masa fadama ta tafi dominka, ba za ka iya kallon gida ya bi ta ba. Ka yi masa alkawarin abin da za ka iya cikawa: adadi kaza duk wata ga gida, komai ƙanƙantarsa, da niyyar mayar masa da fadama in hali ya yi. In ka san maganarka ba za ta shige shi ba, ka ɗauki Baffanka ko amininsa da yake jin nauyi, ka fara fahimtar da shi, ku je tare. Dattijo yakan sauko don ɗan'uwansa dattijo a inda ba zai sauko don ɗansa ba.

Ita yarinyar da za ka aura a gaya mata gaskiya tun yanzu, ta bakinka. Watannin farko na horo ne da gwaji, ba za ta riƙa ganinka sosai ba, kuma Sallah da azumi jirgi ba ya hutu. Ku yanke ko za ta zauna Sakkwato tukuna har ka kama ƙasa. Daga Abuja tafiyar kusan awa ɗaya ce a sama, daga Legas kuwa hanya ta yi nisa, ga kuɗin haya na shekara da ake nema a dunƙule. Ka tambayi kamfanonin ko suna ba ma'aikata rangwamen tikiti, kuma ka sanar da su ranar bikin tun kafin a tsara horonka, kada ranar ɗaurin aure ta same ka a wata ƙasa.

Kwana goma sun isa in ka fara gobe: biyu na lauya, uku na waya da mutanen ciki, manhajar tana aiki a gefe, sauran na Baba da istihara. Inna kuma ka zaunar da ita ka faɗa mata da bakinka cewa ka zaɓi inda za a bar ka ka ƙi tashi in sama ba ta yi kyau ba, ka roƙe ta addu'a. In lauyan ya gama karanta takardun, ka sake rubuto mini abin da ya ce a kan na shekara ukun, musamman ko yana raguwa. Ka gaishe mini da su Baba.